Mun Je Dapango Ganin Burgami

Asabar: daga Sokode zuwa Kara

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na buga wa Baba ƙofa. Na ɗauka sai na sake lallashi kamar yadda na yi kwana goma ina yi, sai na tarar da shi zaune a bakin gado, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure har da hula. Ya ce, "Ke kika makara." To madalla. Mutumin da jiya da la'asar ya rantse ba inda za shi.

Baba baduku ne. Ya fi shekara hamsin yana aikin fata a zangon Sokode, kuma a da har daga Sotouboua ake zuwa a ba shi aikin jaka da kube da matashin fata. Ni Ladi, 'yarsa ta uku, atamfa nake sayarwa a babbar kasuwa. Tun da Inna ta rasu, wata goma sha huɗu ke nan, bai ƙara taɓa basilla ba. Ya ce ido ne. Na kai shi asibiti, likita ya ce idonsa ya fi nawa gani. Ya ce to baya ne. Daga nan ya gaya wa mai shagon da yake haya cewa ƙarshen wata zai mayar da makulli, kayan aiki kuma a ba duk mai so. Ranar da muka tashi saura kwana tara wata ya ƙare. Ni shago bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tsohon nan yana ramewa a gabana, yana wuni a zaure yana kallon bango, tuwo loma uku ya ture.

Ana cikin haka Salisu, ɗan kawuna da ke sana'ar fawa a Dapaong (mu dai Dapango muke cewa), ya turo mini hoto a waya. Ya je sayen awaki wani ƙauye, ya ga wani gida da aka tara kayan da domin masu kallo, kuma a bango an rataye wani burgami, irin babbar jakar fatar nan ta matafiya. Ya ce, "Yaya, wannan ba aikin Baba ba ne?" Na nuna wa Baba. Ya daɗe yana duba wayar, sannan ya ce, "Wa ya ɗaure maratayin nan da waya?" Ya miƙo mini wayar. Amma a wata goma sha huɗu wannan ne karo na farko da na ga ransa ya ɓaci a kan fata, sai na ce wallahi ko a kai zan ɗauke shi sai mun je.

Mun yi salla, muka hau zemijan biyu, wato baburan haya, zuwa tasha. Motar mai cin mutum goma sha biyar ce, aka zuba mu goma sha tara, ban da buhun doya da aka tura mini ƙarƙashin ƙafa. Jaka shida-shida ta sefa muka biya. Direban Bakotokole ne, ɗan ƙabilar Sokode, mai surutu, ya ba Baba kujerar gaba.

Ya ce, "Alhaji, Dapango biki za a je?"

Baba ya ce, "Yarinyar nan ce take son yawo, na ce kada ta ɓata."

Yarinya! Ina da jika.

Mun bar Sokode shida saura minti goma. Gari ya waye mana kafin Bafilo, duwatsu shar da ciyawa saboda damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Direba ya bi sabuwar hanyar da ta kauce wa tsagar dutsen Aledjo, Baba ya ce ai an rage wa tafiya daɗi, a zamaninsu sai kowa ya karanta duk addu'ar da ya sani kafin a ratsa wurin. Bakwai da rabi muna Kara. Na sayo koko da ƙosai. Ya ci ƙosai huɗu. Na ƙirga.

Kara zuwa Dapango

Daga Kara hanya ta yi ta hawa da gangara ta Niamtougou da duwatsun Defale, inda manyan motocin da ke zuwa Burkina suke rarrafe ɗaya bayan ɗaya. Bayan Kante ƙasa ta baje, rana ta fara cizo. Yanzu arewa akwai tsaro sosai, shinge uku muka tsaya, kowane sai an sauka an nuna kati.

A shingen da ke gaba da gadar Mango wani soja matashi yana laluben maza. Ya taɓa aljihun Baba, ya ji abu mai tsini, ya ce cikin ladabi a fito da shi. Baba ya sa hannu a aljihu. Sannan ya ciro wani ƙullin tsumma ya warware. Basillarsa ce, mai ƙotar icen nan da hannu ya sa ta yi baƙi, da allura biyu, da zaren fata a naɗe.

Sojan ya ce, "Papa, na mene ne?"

Baba, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ta sakace ce."

Sojan ya duba basillar, tsawonta ya kai tafin hannu, ya dubi haƙoran Baba da suka rage, ya fashe da dariya ya mayar masa. Muka koma mota. Ina bayansa, na sunkuya na ce, "Baba, ashe idon ya warke?" Ya ce, "Ki gyara zama, kina take wa mutane doya." Daga nan har Dapango murmushi nake yi ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta fara matsawa.

Ɗaya da minti ashirin muka shiga gari, tafiyar kusan kilomita ɗari uku. Ranar kasuwa ce, hanya ta cushe da jakai da amalanke da mata masu kwandunan tumatir. Salisu ya taro mu a tasha da rigar aikinsa, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Matarsa Rabi ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, an yanka zabo. Baba ya ce ai zabon Dapango ya fi na ko'ina tauri, ya kuma cinye cinyar.

Lahadi: da ƙafa

Salisu ya ce daga bakin kwalta zuwa ƙauyen kilomita huɗu ne, zai samo mana babura. Baba ya ce shi da ƙafa za shi. Na ce, "Baba, bayan fa?" Ya ce baya ba ya son babur. Muka shiga wata mota mai zuwa Naki-Est, aka sauke mu a wata mararraba ƙarfe bakwai da minti goma, mu uku.

Ban san rabona da tafiya a daji ba. Hanyar siririya ce, ta ratsa gonakin dawa da ta fi mu tsawo, kawunanta sun yi ja sun sunkuya. Can sai gona ta ƙare, a fito fili, ga kaɗanya da ɗorawa jefi-jefi, ga gidajen Moba zagayayyu, ɗakuna a kewaye an haɗe su da katanga, rumbuna a tsakiya. Mata suna cirar gyaɗa. Kowace ta miƙe ta gaishe mu da harshensu, Salisu ya amsa, wata tsohuwa kuma ta cika mini gefen gyale da ɗanyar gyaɗa, ta ƙi karɓar ko sisi.

Ni na fara haki tun ba mu ci rabi ba. Takalmin kasuwa na sa, sabo, don a ganni. Baba yana gaba, rigar a saɓe a kafaɗa, yana waiwayowa.

"Mai atamfa, a kawo miki jaki?"

"Baba, ni zama na saba."

"Ya nuna."

Salisu ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi zan rama wata rana.

Mun iske wani rafi, ruwa iya ƙwauri. Muka tuɓe takalma muka ratsa, sanyin ruwan har cikin kaina. A ƙetare akwai bagaruwa ta zubar da 'ya'ya. Baba ya tsuguna ya tsinci ɗaya, ya murza, ya sansana. Ya ce da irin wannan ake jima, kuma ta arewa ta fi ta wajenmu ƙarfi, fatar da aka jeme da ita sai mai ita ya mutu ya bar ta. Ya cika aljihu. Mutumin da zai rufe shago nan da kwana takwas, me zai yi da bagaruwa? Muka ci gaba.

Takwas da minti ashirin da biyar muka isa.

Gidan Metir

Mai wurin tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Bamobe, ɗan ƙabilar Moba, sunansa Duti amma kowa Metir yake ce masa, wato malam da Faransanci. Da ya bar aiki sai ya gyara ɗakuna uku na gidan ubansa, ya shafe su da farar ƙasa, ya bi gida-gida yana roƙon kayan da mutane suka daina amfani da su. Babu kuɗin shiga, ƙwarya ce a bakin ƙofa, kowa ya jefa abin da ya samu. Yana jin Hausa, irin ta kasuwar Dapango, ni ma "kai" yake ce mini.

Ɗakin farko zane-zane ne na tsofaffin ɗalibansa, a kan ƙyalle da katako: mata a rijiya, ranar kasuwa, wata saniya da aka yi mata ido kamar na mutum. Na biyu tukwane da fartanya da duwatsun niƙa. Metir yana bayani a tsanake, ni ina jin daɗi, don ban taɓa shiga wurin da aka ajiye tukunya don a kalle ta kawai ba. Baba kuwa hannu a baya, yana cewa "to, to," idonsa na kan ƙofa ta uku.

A ɗaki na uku an ja igiya daga bango zuwa bango. Bayan igiyar akwai baka da kwari, da ƙahon busa, sai burgamin a kan ƙusa. Jan karan dafinsa ya koma ruwan ƙasa, amma adon da ke murfin yana nan, ɗinki ƙanana a jere kamar an auna da ma'auni. Maratayin ya tsinke a gefe ɗaya, wani ya huda fatar ya ɗaure da wayar ƙarfe, wayar ta yi tsatsa ta ci wurin. A ƙasa akwai 'yar takarda da Faransanci. Na karanta wa Baba: jakar maharbi, ba a san wanda ya yi ta ba.

Metir ya ce, "Nan kallo kawai, ba taɓawa."

Kafin ya rufe baki Baba ya ɗaga riga ya tsallake igiya. Ya sauke burgamin daga ƙusa, ya zauna dirshan a ƙasa, ya fara warware wayar.

"Papa! Papa! A'a! Ka bar shi!"

"Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Mai shi ne ya yi, ya mutu tuntuni. Haka muka samu, haka zai zauna. Tarihi ne!"

"Tarihi? Tsatsa ce. Shekara biyu nan gaba ta cinye wurin, jakar ta faɗo. Kuma kowa ya shigo ya ce haka dukawan Sokode suke aiki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na kama ba Metir haƙuri, Salisu yana ba shi da harshensu. Metir ya tsaya cak, ya ce, "Sokode? Kai ka san wanda ya yi?"

Baba ya buɗe murfin, ya juya bakin jakar, ya nuna masa wasu 'yan tsagogi uku a cikin leɓen fatar. Ya ce alamar gidansu ce tun kakansa. Ya ce shekarar da aka haifi yayata ya kawo irinsu shida kasuwar Dapango, wani maharbi dogo ya sayi ɗaya da zabi. Metir ya fita da sauri, ya dawo da wani dattijo daga maƙwabta, ɗan maharbin. Suka yi magana mai tsawo. Salisu ya fassara mana: dattijon ya ce ubansa ya sha cewa in ya sake ganin Bahaushen nan zai ba shi ya gyara, don haka a bar shi ya gyara. Metir ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauko wayarsa ya ɗauki hoton jakar da tsatsarta tukuna, sannan ya ce to.

Baba ya warware tsummansa. Ya yanke inda ya ruɓe, ya daidaita bakin maratayin, ya huda ramuka takwas da basilla. Ya zura zare a allura da kansa, sau ɗaya, idon da aka ce ya mutu. Ya yi ɗinki ɗaya, ya yi na biyu. Sai ya tsaya. Ya dubi nasa, ya dubi tsohon ɗinkin da ke gefe. Ya zare. Ya sake yi, ya sake tsayawa. Daga nan ya ajiye allurar a kan gwiwa.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Duba nan." Na tsuguna. "Nawa ya kwanta dama. Wannan ya kwanta hagu."

Na gani, amma ban gane ba.

Ya ce, "Ni yanka nake yi, in rina, in huda, in haɗa. Ɗinkin ado duk na uwar yaran nan ne. Bahaguwa ce. Kullum in kawo mata cikin gida a kwando, ta yi a ɗaki, in fitar shago. Shekara arba'in da bakwai. Mutane suna cewa hannun Malam, hannun Malam." Ya shafa murfin jakar da babban yatsa. "In na yanka fata yanzu, wa zan kai wa?"

Na san Inna tana taya shi. A Blitta na tashi wajen gwaggona, in na zo hutu nakan gan ta da fata a cinya, ta ce ɗan taimako ne take yi wa Malam. Ban taɓa tambaya ba. Wata goma sha huɗu ina jan tsohon nan daga likitan ido zuwa mai gyaran baya, ban taɓa tambaya ba. Kunya ta kama ni, da tausayi, na yi kuka a gaban baƙi, ban damu ba.

Metir ya bari na share ido. Ya ɗauko sabuwar takarda da alƙalami, ya ce, "Papa, wane suna zan rubuta?"

Duk wanda ya san gidajenmu ya san dattijo irin Baba ba ya kiran sunan matarsa. Tun da na yi wayo "uwar yaran nan" nake ji, ko "mutanen gida". Na buɗe baki zan faɗa a madadinsa, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Rubuta Hadizatu." Ya yi gyaran murya. "Hadizatu, zangon Sokode. Ita ta ɗinka."

"Naka fa?"

"In wuri ya rage."

Wuri ya rage, Metir ya sa shi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Saura maratayi, Baba ya zare ɗinkinsa, ga ramuka takwas a buɗe. Baba ya dube ni, ya dubi hannuna. Ni ma bahaguwa aka haife ni. Gwaggo ta yi ta bugun hannun da ludayi har na koma ci da rubutu da dama, amma almakashi har gobe da hagu nake riƙewa, duk 'yan layinmu a kasuwa sun sani. Ya miƙo mini allurar. Na ce ban taɓa ɗinka fata ba. Ya ce ai ba a haifi kowa da ita ba, in shiga ta nan in fita ta can, in ja har sai ya ce ya isa.

Ɗinki takwas ya ci mini kusan rabin awa, na soki yatsa sau biyu. Da na gama ya ɗaga jakar wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Muni kam akwai shi. Amma ya kwanta inda nata ya kwanta."

Metir ya mayar da burgamin kan ƙusa da hannunsa. Ɗan maharbin ya kawo mana ƙwan zabi goma sha biyu a ƙwarya. Da za mu fita Baba ya tsaya a gaban takardar, shi da ba ya karanta boko, ya ce in nuna masa inda sunan yake. Na ɗora yatsa. Ya gyaɗa kai.

Komowa mun yi ta da rana tsaka, kilomita huɗun nan suka zama kamar goma. Na cire takalmin gaba ɗaya na riƙe a hannu. A rafi muka yi alwala muka yi azahar a inuwar ɗorawa.

Litinin: gida

Shida da rabi muka bar Dapango. Rabi ta haɗa mu da soyayyen nama da tumatir rabin kwando. A shingen Mango sojan nan ne dai, ya gane Baba, ya ce, "Papa, an yi sakace?" Baba ya ce an yi. A Kara muka ci shinkafa da wake da wagashi, wato cukun Fulani. Baba ya yi barci daga Bafilo, kansa a jikin gilashi, aljihu cike da bagaruwa.

Biyu da kwata muka sauka a Sokode. Na tsayar da zemijan na ce gida. Baba ya ce wa nasa, "Bi ta shago." Muka bi. Makullin ya yi tauri, sai da Baba ya sa masa man da ya roƙa wajen mai gyaran keke na kusa. Ciki duk yanar gizo, ga fatu uku a naɗe a kan kanta tun bara. Ya warware ɗaya, ya ja ta, ya sansana, ya ce ba ta mutu ba. Ya aiki mai keken ya gaya wa mai shago cewa maganar makulli a bar ta tukuna.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Salisu mai ido, da Rabi, da Metir Duti da ya haƙura aka tsallake masa igiya. Duk wanda hanya ta kai shi wajen, ya shiga ɗaki na uku ya karanta takardar da ke ƙarƙashin burgami, amma kada ya matsa kusa da maratayin, daga nesa ya fi kyau.

Washegari bayan asuba na je shagon, atamfa ta jira har hantsi. Na tarar ya yanka fata ya huda, ya ajiye a cikin wani tsohon kwando da na sani, wanda a ɗakin Inna yake zama. Ya turo mini shi da ƙafa. Na zauna, na miƙa hannu zan ɗauki allura.

Ya ce, "Ba wannan ba. Ɗaya hannun."